Daminar da Muka Jira Kwalba a Gidan Garma

Bana ruwa ya makara. Shamuwa ta sauka tun makonni uku da suka wuce, ta yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidana, amma har yau sama fes take, zafi kuwa kamar an kifa wa gari tukunya. Jiya da la'asar autana Nasiru ya dawo hutu daga jami'a. Na tambaye shi zaman gidan kwanan ɗalibai, ya ce lafiya lau, su huɗu ne a ɗaki, kowa da rishonsa, kowa da tukunyarsa. Na ce wa ya kwanta a gadonka kafin kai? Ya yi dariya ya ce, "Baba, ina zan sani?" Zamaninsu ne. Amma zafin nan da maganar nan sun haɗu sun tuno mini da wani gidan kwanan ɗalibai da na zauna, da wata damina da ita ma ta makara. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru.

A zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin su tafi, En'e, wato hukumar gargajiya, ta gina wani gida a bayan garin Boɗinga, gefen hanyar Shagari, don koya wa samari noma da shanu. Mutane suka sa masa suna Gidan Garma. Ba wani babban gini ba ne. Akwai zaure, da dogayen ɗakuna biyu na laka, da madafa, da sito, da turken shanu, da rijiya, sai rumbu guda babba a tsakar gida. Duk shekara bayan kaka akan ɗauki mutum goma sha biyu, shida daga ƙasar Boɗinga, shida daga ƙasar Shagari. Mu na Boɗinga muna ɗakin gabas, na Shagari suna ɗakin yamma, tsiya kuwa tsakanin ɗakunan nan ba ta ƙarewa. Su ce mu masu warin albasa, mu ce su ba su san bambancin garma da galma ba sai da suka zo birni. Mu ne rukuni na huɗu. Yau wurin fili ne, yara na buga ƙwallo, ko tubali ɗaya bai rage ba.

Babbar dokar gidan ita ce wannan: En'e ba ta ciyar da kowa. Kowane rukuni yana cin hatsin da na gabansa ya bari a rumbu, shi kuma ya noma wa na bayansa. Waɗanda muka gada ba su yi sa'ar damina ba, rumbun da suka bar mana bai wuce rabi ba. Saboda haka tun ranar da muka shiga, Baturen gona ya tsaya a tsakar gida ya faɗa mana da Hausarsa mai tsami cewa idan rumbu bai kai wuya ba a kakar bana, ba za a ɗauki rukuni na biyar ba, gida ya mutu ke nan.

Ni aka naɗa magajin gida, ba don na fi kowa shekaru ba, sai don na yi aji huɗu a elemantare, ina iya rubutun boko. Aka ba ni abubuwa uku: ƙarfen da ake bugawa a madadin ƙararrawa, makullin sito, da littafin ruwa. Ni kuwa tun ina yaro a Dingyaɗi ba na son abu a hargitse. Na tsara yini kamar haka. Da asuba in buga ƙarfe, a yi salla. Daga nan a ja ruwa a shayar da shanu. Sai kunu. Sai gona, sassabe da kai taki, har rana ta take. Bayan azahar a zauna a zaure, malaminmu, Malam Cika, ya koya mana ɗaura karkiya da sarrafa garma da duba haƙoran sa. La'asar a nemo wa shanu abinci. Magariba tuwo, mutum uku-uku a akushi.

Ban tsaya nan ba, na ƙara wasu dokoki nawa na kaina, na rubuta a allo na rataye a zaure. Da bazara ta shigo ƙudaje suka yi yawa, mutum biyu suka kwanta da ciwon ciki, sai na ƙara ta bakwai: duk wani mazubi da ke cikin gidan nan a rufe bakinsa, musamman da marece da lokacin iska. Samari suka yi ta guna-guni. Mutum ɗaya ce ta karɓi dokar nan hannu biyu, ita ce Inna Ige, dattijuwar da ke yi mana girki. Ba ta karatu, don haka na je har madafa na karanta mata. Ta ce, "Madalla, ɗana. Yau anka yi mai hankali gidan ga."

Saura in faɗi kwalba. Bature ya kafa wani gungume a tsakar gida, ya ɗora gwangwani mai mazurari a baki. A cikin gwangwanin akwai kwalba mai zane-zane, da jan layi guda. Ma'aunin ruwan sama ne. Aikina ne in duba ta kullum da ƙarfe bakwai na safe in rubuta abin da na gani.

Ana cikin tsakiyar bazara Malam Cika zai bi Bature rangadi na mako shida. Ya kira ni zaure ya ce, "Magaji, irin da ac cikin sito na shuka guda na, babu wani bayanshi. In kunka zuba shi ga yayyahi yaƙ ƙone, kun kashe gida. Kada ka buɗe sito sai ruwa ya taɓa jan layi. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Allah shi gafarta Malam." Na sa wa makullin igiya na rataya a wuya.

Bazarar nan ta gasa mu. Rairayi ya yi zafin da ko mai kaushi ba ya taka shi da azahar. Ruwan rijiya ya ja baya har sai da muka ƙulla igiya biyu, guga ya fito da laka rabi. Haƙarƙarin shanu ya bayyana, muna sassako musu ganyen gawo da kirya. Hatsin rumbu ya yi ƙasa sosai, har wanda zai ɗebo sai ya shige ciki gaba ɗaya. Na rage awo. Kunun safe ya koma tsararo, tuwon dare kuma miyar kuka ta fi shi yawa. Duk da haka ba mu daina raha ba. Akwai Arzika, mutumin Dandin Mahe, gajere mai faɗin ƙirji, shi ne bakin ɗakin yamma. Kullum ya karɓi ƙoƙonsa sai ya leƙa ciki ya ce, "Inna, wanga kunu na ko madubi? Ga ni nan ciki ina kallon kaina." Ita kuma ta ce, "To sha ka huta da ganin muni."

Ruwan farko ya zo ranar Juma'a. Dukanmu muna masallaci cikin gari, Inna Ige kaɗai ke gida. Ana sallamewa gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso mai sanyi, sai ruwa. Muka fake a rumfunan kasuwa muna kallonsa yana dukan ƙasa. Da ya ɗauke muka kamo hanya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mana hanci, manya da mu muna tsalle a kududdufai. Muna isa bakin gonarmu Arzika ya durƙusa, ya tura hannu cikin rairayi, ya zaro.

"Magaji, duba nan. Hal wuyan hannu. Ruwan shuka na, ko kakana yat taso shi gani haka za shi ce."

Na ce sai na duba kwalba. Na je na buɗe gwangwani, na ɗaga kwalba sama. 'Yan ɗigo ne a gindinta, ko farce ba su rufe ba.

Na ce, "Bai kai ba."

"Mi ab bai kai ba? Ba ka ga tsakar gida ba?"

"Ƙasa tana ruɗin ido. Kwalba ba ta ruɗi."

Washegari duk gonakin da ke kewaye da mu suka cika da mutane, maza da sungumi a gaba, mata da yara a baya suna zuba iri suna takewa da diddige. Mu kuwa muna zaune gindin katanga, majiya ƙarfi goma sha biyu. Wani tsoho ya zo wucewa a kan jaki, ya ja linzami ya ce, "'Yan makaranta, lahiya dai? Ko kwalba ba ta ba ku izini ba?" Kafin la'asar maganar ta zaga Boɗinga. Duk wanda ya je kasuwa cikinmu sai a ce masa a gai da kwalba.

Ruwa na biyu ya zo daren Laraba. Mun tashi da asuba muka tarar da ruwa kwance a tsakar gida har idon sawu, kwaɗi na ta kuka, gefen katangar madafa ya zube. Na yi salla da farin ciki, na ce yau kam an gama. Ƙarfe bakwai na yi na je wurin gungume, su goma sha ɗaya suna biye da ni. Na ɗaga kwalba. A bushe take, ƙaf.

Na ce a ba ni buta. Na zuba ruwa ta mazurari, ya sauka cikin kwalba sarai, ba ta yoyo. Na juye, na mayar.

Arzika ya ce, "To, Magaji, ɗayan biyu na. Ko sama ka ƙarya, ko kwalba ka ƙarya. Zaɓi guda."

"Malam ya ce jan layi."

"Malam na can shina shan hura ƙasar wasu! Ba mu makulli."

Na dafe makullin a ƙirjina na ce ba zan bayar ba. Har mutanen ɗakina, 'yan Boɗinga, suka koma bayan Arzika. Da magariba aka kawo tuwo, abokan akushina biyu suka kwashi rabonsu a hannu suka tafi wani wuri. Ni kaɗai na ci, kuma bai yi mini daɗi ba.

Gaskiya tsoro nake ji, ba taurin kai ba ne kawai. Idan na buɗe sito ba da izini ba irin ya ƙone, ni na kashe gida. Idan na ci gaba da jira damina ta wuce mu, ni ne dai na kashe shi. Geron maƙwabta ya riga ya tsiro, ganye biyu-biyu, layi-layi, kore shar. Tamu gonar kuwa sai ciyawa ke fitowa. Kwana huɗu ba wanda ya yi mini magana in ba gaisuwa ba. Ko ƙarfe na buga, sai su tashi a hankali kamar masu ciwon baya.

Ranar Lahadi da la'asar hadari ya sake haɗuwa. Na ɗauko kujera 'yar tsugune na zauna bakin zaure, na sa wa gungumen nan ido. Na ce yau da idona zan ga inda ruwan yake zuwa. Cida ta yi gunji daga gabas, iska ta fara kwasar kara da ganye. Sai ga Inna Ige ta fito daga madafa da gudu, zani a ɗaure tam, da faya-fayai a hammata. Ta rufe randa. Ta rufe turmi. Ta kife ƙwarya. Sannan ta nufi gungume, ta yi ɗage, ta kifa faifai a bakin mazurari, ta ɗauko dutse ta danne.

Na miƙe tsaye. "Inna! Mi ki ka yi?"

"Ruhewa ni ka yi, ba ka gani?"

"Wa yac ce ki ruhe wanga?"

Ta juyo ta dube ni da mamaki. "Kai na mana. Ba kai kaz zo hal madahi kak karanta man doka ba, dut abin da ad da baki a ruhe shi? Balle wanga, kayan Bature na. In ruwa yash shiga yal lalata shi, wa za a kama? Kai za a kama, ɗana." Ta gyara dutsen. "Kullum da marece ina ruhe shi, in na tashi shara da asuba in buɗe. Ran Juma'a kaɗai yash shammace ni, ɗan kaɗan yash shiga kahin in ruhe, da yaɗ ɗauke nab buɗe. Bayan nan ko ɗigo ban bari ba."

Samarin duk sun fito bakin ɗakuna suna ji. Suka dubi juna. Sai Arzika ya zube ƙasa. Yana birgima cikin rairayi, yana riƙe da ciki, yana cewa, "Doka ta bakwai! Wayyo Allah, doka ta bakwai!" Sauran suka kama, wani ya jingina da rumbu, wani na share hawaye. Inna Ige ta tsaya tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Mi anka yi? Ku hwaɗa man mana." Ni ban yi dariya ba a ranar. Na je na ɗauke dutse da faifai, na miƙa mata da hannu biyu, na ce, "Inna, kin kyauta, kin bi doka. Amma wanga guda, ruwa anka aje shi shi sha."

Ta ce, "Ikon Allah. Tulu kan gungume."

Sai dai abin bai ƙare nan ba. Hadarin ranar iska ta kwashe shi, yayyafi kawai aka yi. Da safe na duba kwalba, wannan karon da gaskiyarta, ruwan bai kai ko rabin jan layi ba. Umarnin Malam yana nan yadda yake, Malam kuma ba ya nan balle in tambaye shi. Na rubuta abin da na gani a littafi. Na rufe. Na fita zuwa gona, suna biye da ni. A tsakiyar gona na naɗe hannun riga, na durƙusa, na tona kamar yadda na ga mahaifina yana yi. Sama-sama ta fara shan iska, amma ƙasa da sanyi. Na ci gaba har hannuna ya shige ya wuce wuya. Na damƙo rairayi na matse, ya dunƙule bai warware ba.

Na cire igiyar daga wuyana na miƙa wa Arzika. "Ku ɗauko sungumi."

"Kwalba ta yarda?"

"Ba ta yarda ba. Ni nay yarda. In an tashi kora, ni za a kora."

Kwana goma muka makara. Mutum shida a gaba da sungumi, shida a baya da ƙoƙon iri, Inna Ige ta ƙi zama gida, ta ɗauki nata ƙoƙon ta shiga layi. Ba gabas ba yamma a ranar. Kwana biyu da rabi muka gama, ƙafafunmu sun yi kanta, bayanmu kamar an sassaƙe. Daga nan sama ta ɗauke har kwana takwas. Geron ya tsiro, amma da rana ta take sai ganyen ya naɗe kamar tsinke. Kullum da azahar nakan je in tsaya in dube shi, ba abin da zan iya yi masa. A rana ta tara aka yi ruwa tun hantsi har la'asar, ruwa ya wuce jan layi, kwalba ta kusa cika. Arzika ya cire hula ya gaishe ta.

Malam Cika ya dawo ya tarar da gero ya kai taƙi. Ya karɓi littafi yana bi layi-layi. Na rubuta komai: Juma'a, an yi ruwa, an rufe kwalba. Laraba, an yi ruwa mai yawa, an rufe kwalba. Litinin, bai kai ba, na buɗe sito da kaina. Ya karanta sau biyu, ya ɗago ya dube ni, leɓensa na rawa. Ya ce, "Tahi, Magaji," ina fita na ji shi yana ƙyaƙyatawa a zaure shi kaɗai.

Sauran daminar aiki ne da yunwa. Noman farko muka yi da hauya, ciki ba komai sai kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli. Shanu suka samu ɗanyar ciyawa suka murmure, muka ɗaura musu garma muka yi huɗa, mutanen da suka yi mana dariya suka zo bakin gona suna kallo. Ɗakin gabas da na yamma suka koma tsiyarsu, ana tsere a kan kunya, wanda aka bari baya shi zai wanke akushi. Ranar da gero ya isa tumu, Inna Ige ta hura wuta a bakin gona, muka gasa, muna murzawa a tafin hannu muna hurawa muna watsawa a baki da zafinsa. Na ci abinci iri-iri a duniya bayan nan, ban sake jin daɗin wannan ba.

Amma kwana goman nan sai da suka nuna kansu. Ruwa ya ɗauke da wuri, geron gefen tudu bai cika ido ba. Muka yi girbi, muka ɗaure, muka jera a rumbu. Na hau tsani na leƙa. Saura kamu guda ya kai wuya. Bature kuwa jibi zai zo.

A gefe akwai dammuna da aka ware. Al'adar gidan ce kowane ɗalibi ya tafi da dami biyu, ya kai wa mahaifinsa shaidar abin da ya koyo. Na sauko na ɗauki nawa na ce, "Laihina na. Ga nawa."

Arzika ya ce, "Laihinka na, ba mu musu ba. Amma dami biyu ba su cika kamu." Ya tsaya yana kallon nasa. Tun damina yake cika mana baki cewa ɗaya na babansa ne, ɗaya kuma na gidan su yarinyar da yake nema a Shagari. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗora a ka. "Hau tsani, Magaji, in miƙo ma. In ta tambaya in ce mata kwalba ta cinye."

Ɗaya bayan ɗaya suka miƙo, ina jerawa. Na ƙarshe da na sa, sai da na danna shi da gwiwa.

Bature ya zo, ya hau tsani da gajeren wandonsa, ya leƙa, ya zura sanda ta gefe ya ga ba a yi coge da kara a ƙasa ba. Ya sauko ya karkaɗe hannu ya ce, "Ya yi."

Bayan mako guda muka fita, kowa da tabarmarsa da takardar shaidarsa, ba mai ɗauke da ko zangarniya. A kan hanya, daidai inda 'yan Shagari za su rabu da mu, muka hango samari suna tahowa, wasu daga kudu, wasu daga cikin gari, tabarmi a ka, suna tafe suna waige-waige irin na baƙi. Ba wanda na sani a cikinsu. Ɗayansu ya yi sallama ya ce ko nan ne hanyar Gidan Garma.

Arzika ya nuna masa da haɓa ya ce, "Nan na. Ku ɗaga ƙahwa, Inna ta ɗora tukunya."